Haramta migrate:fresh a Laravel ko ƙwace izinin DROP: wane kulle ya fi riƙo?

Umarnin `php artisan migrate:fresh` na Laravel, tsarin gina manhajar yanar gizo da PHP, ba ya ɓoye aikinsa. Yana rushe duk teburan da ke cikin rumbun bayanai, sannan ya sake gina su babu komai a ciki. A kwamfutar mai rubuta manhaja abu ne na yau da kullum, hannu ya saba da shi har ba a tsayawa tunani kafin a buga. Ranar da ya faɗa kan rumbun da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai ko lissafin bashin abokan ciniki kuwa, kafin mutum ya gama karanta abin da ke gudu a allo aikin gama ya gama. Jagorar Laravel da kanta ta yi gargaɗi cewa umarnin ba ya duba farkon sunan tebur. Idan ka cusa WordPress da manhajarka a rumbu ɗaya don rage kuɗin hayar sabar, teburan da suka fara da `wp_` su ma tafiya za su yi.

Galibi ba mugu ke yin wannan ɓarna ba. Ma'aikacin kirki ne da ya buɗe tagogin tamina biyu, ɗaya ta laftof ɗinsa ɗaya ta sabar, ya danna kibiyar sama ya dawo da umarnin ɗazu a tagar da ba ita ba. Ko kuma wanda ya kwafo fayil ɗin `.env` na sabar, mai ɗauke da saituna da kalmomin sirri, zuwa kwamfutarsa da daddare don bin sawun wata matsala, gari ya waye ya manta. Duk kullen da za ka zaɓa, da waɗannan mutum biyu ya kamata ka auna shi, domin akwai kullen da ke tare na farko amma na biyu ya wuce ta gabansa ko kallo bai yi masa ba.

Mafi sauƙi shi ne wanda ya zo da Laravel tun asali: tambayar tabbatarwa. Idan `APP_ENV`, layin `.env` da ke faɗin muhallin da manhajar take, yana kan `production`, umarnin zai tsaya ya sanar da kai cewa manhajar tana bakin aiki, ya tambaye ka ko da gaske kake. Django, takwaran Laravel a Python, ma haka `manage.py flush` yake yi, sai ka rubuta `yes` da hannunka. Ba a biyan komai, ba a saita komai. Amma ƙara `--force` a Laravel ko `--noinput` a Django yana share tambayar, kuma kusan kowane sikirif na ɗora sabon aiki a sabar yana ɗauke da `migrate --force`, saboda babu mutum a wurin da zai amsa. Yatsun da suka saba rubuta `migrate --force` kullum, tazarar da ke tsakaninsu da `migrate:fresh --force` harafi shida ce. Ni ban ɗauki wannan tambaya a matsayin kulle ba. Tunatarwa ce ga wanda hankalinsa ke jikinsa.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Laravel yana neman kalmar `production` daidai yadda take. Wanda ya rubuta `prod` ko `live` a `.env`, ko tambayar ba za a yi masa ba. Fayil ɗin misali da ke zuwa da sabon aiki kuma `APP_ENV=local` ne a cikinsa, kuma shafuka da dama an ɗora su a sabar haya haka nan ba a taɓa layin ba.

A watan Mayu na 2024, a fitowa ta 11.9, Laravel ya kawo abin da ya fi tambaya ƙarfi. Layi ɗaya ne a cikin `boot` na `AppServiceProvider`:

`DB::prohibitDestructiveCommands($this->app->isProduction());`

Da wannan, `db:wipe` da `migrate:fresh` da `migrate:refresh` da `migrate:reset` sun haramta. Ba tambaya, ba `--force`. Umarnin zai ce an hana shi aiki a wannan muhalli, ya fita. Haka nan za ka iya ɗora `Prohibitable` a kan umarnin da ka rubuta da kanka, misali wanda ke goge tsofaffin rasidai. Mutumin tagogi biyu ya tsira ke nan, ko da ya buga umarnin sau goma a sabar. Don haka duk mai Laravel 11.9 zuwa sama ba shi da hujjar ƙin sa wannan layi, aikin minti biyu ne.

To amma duba abin da layin yake dogaro da shi. Ba ya tambayar rumbun bayanan ko wane ne shi. Manhajar yake tambaya a ina take ganin tana zaune. Kamar maigadi ne da ke duba rigar mai shigowa, ba ruwansa da ɗakin da ya nufa. Mutum na biyu, wanda ya kwafo sunan rumbun gaske da kalmar sirrinsa zuwa laftof amma ya bar `APP_ENV=local` don ya riƙa ganin kurakurai a allo, a wurin Laravel yana gida ne. Ba haramci, ba tambaya. Teburan sabar za su rushe daga ɗakinsa.

Hanya ta biyu da ake zagaye wannan kulle ta fi ban haushi, domin mai yinta yana ganin aikin taka-tsantsan yake yi. Gwajin manhaja ne. Fayil ɗin `phpunit.xml` yana mai da `APP_ENV` ya koma `testing` duk lokacin da aka kunna gwaji, kuma `RefreshDatabase` da ake sawa a gwaje-gwaje `migrate:fresh` yake kira tun farko. A fitowar Laravel da dama, layuka biyun da ke karkatar da gwaji zuwa rumbun SQLite na wucin gadi a kashe suke zuwa, sai ka kunna su da kanka. Ka haɗa waɗannan uku: wani ya shiga sabar ya buga `php artisan test` don ya tabbatar komai lafiya, muhalli ya koma `testing`, `isProduction()` ya amsa a'a, kulle ya buɗe kansa, sunan rumbu kuma daga `.env` na sabar aka ɗauko shi. Da an shigar da kayan aiki da `composer install --no-dev`, kayan gwajin ba za su kasance a sabar ba tun farko. Ba kowa ke tuna wannan ƙarin ba.

Ana iya gyara layin ya rage wannan rauni. Maimakon a ce a hana idan ana `production`, sai a juya: a hana ko'ina, sai inda sunan rumbun ya ƙare da `_dev` ko `_test`. Sunan rumbu ya fi adireshin sabar amfani a nan. A sabar haya adireshin rumbun gaske `localhost` ne, wanda ya haƙa ramin SSH daga laftof ɗinsa kuma `127.0.0.1` zai gani, duka biyun kamar gida. Suna kuwa yana bin rumbun duk inda aka nufe shi. Wannan gyara yana kama mai kwafo `.env`, yana kama mai gwaji a sabar, kuma bai wuce layi uku ba. Sharaɗinsa kawai kowa a ƙungiyar ya bi ƙa'idar sanya suna.

Mutanen Ruby on Rails sun bi wata hanya tun Rails 5.0 a 2016, kuma a ganina sun fi kusa da gaskiyar matsalar. Suna ajiye alama a cikin rumbun kansa, a wani ƙaramin tebur mai suna `ar_internal_metadata`, inda ake rubuta muhallin da aka yi sauyin ƙarshe a ciki. Kafin `db:drop` ko `db:schema:load` ya taɓa komai, sai ya karanta wannan alama. Idan ta ce `production`, ya tsaya da kuskuren `ProtectedEnvironmentError`, ko da kwamfutar da ta aiko umarnin ta rantse cewa ita ta gwaji ce. Ana iya ƙara `staging` cikin muhallan da aka tsare ta `protected_environments`. Wanda ya nace sai ya rushe, dole ya rubuta `DISABLE_DATABASE_ENVIRONMENT_CHECK=1` a gaban umarnin, kuma wannan doguwar jimla ba ta fita daga yatsa da kuskure.

Ita ma tana da nata. Duk wanda ya sauko da kwafin rumbun gaske zuwa laftof, alamar tana zuwa tare da shi, sai ya buga `db:environment:set` kafin Rails ya bar shi ya taɓa nasa kwafin. Wasu da suka gaji da wannan sukan sa waccan doguwar jimla a fayil ɗin saitin tamina ɗinsu ta zauna dindindin, shi ke nan sun kashe kullen gaba ɗaya. Sannan `db:migrate` yana sabunta alamar: idan aka buga shi daga laftof a kan rumbun gaske, zai rubuta `development` a kai, umarni na gaba kuma ya samu ƙofa a buɗe. Duk da haka dabarar ta cancanci aro. Mai Laravel zai iya ƙirƙirar tebur mai layi ɗaya da ke cewa wannan rumbun gaske ne, ya karanta shi a lokacin da ake aiki ta tamina kaɗai, ya miƙa amsar ga `prohibitDestructiveCommands`.

Django ba shi da irin wannan kulle. Abin da ya ba ka shi ne damar maye gurbin umarni: ka rubuta naka `flush` a ɗaya daga cikin manhajojin da ke `INSTALLED_APPS`, naka zai danne na asali, sai ka sa ya ƙi aiki. Ka tuna da `migrate` mai biye da sunan manhaja da `zero`, wanda ke kwance duk teburan manhajar ba tare da ya tambayi kowa ba, da `reset_db` idan ka shigar da django-extensions. A wajen gwaji dai Django ya yi kyau, domin sabon rumbu yake ƙirƙira mai `test_` a gaban suna, ba ya taɓa na gaske.

Duk waɗannan a cikin manhaja suke zaune, iyakarsu ke nan. Ba su san da wanda ya buɗe `php artisan tinker`, inda ake buga PHP kai tsaye a kan manhajar, ya rubuta `User::truncate()` ba. Ba su san da phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbu ta burauza, ba. Fayil ɗin sauyi da wani ya sa `Schema::drop` a cikinsa zai wuce ta `migrate` na yau da kullum lafiya lau. Kuma yanzu an samu sabon mai buga umarni wanda ba mutum ba. A watan Yuli na 2025 wakilin ƙirƙirarriyar basira na Replit ya goge rumbun bayanan da Jason Lemkin na SaaStr yake aiki da shi, alhali an umarce shi kada ya sauya komai, har shugaban Replit Amjad Masad ya fito ya ba da haƙuri, ya ce za su raba rumbun gwaji da na gaske kai tsaye. Irin wannan wakili idan ya ci karo da tambaya zai amsa, idan ya ga `--force` zai warware matsala zai ƙara, kuma yana iya buɗe `AppServiceProvider` ya cire layin da ya hana shi.

Nan ne zaɓi na gaba ya shigo: a bar manhaja, a je rumbun kansa a ƙwace izini. Asusun da manhajar ke shiga da shi kullum ba ya bukatar rushe tebur. Karantawa da sakawa da gyarawa da gogewar layi sun ishe shi. A MySQL ko MariaDB:

`GRANT SELECT, INSERT, UPDATE, DELETE ON makaranta.* TO 'manhaja'@'localhost';`

Da wannan asusu, `migrate:fresh` zai yi karo da kuskure mai lamba 1142, an hana DROP, wato rushe tebur. `TRUNCATE` ma a MySQL izinin DROP yake bukata, don haka shi ma ya toshe. Ba ruwan rumbun da abin da `APP_ENV` ya ce, ba ruwansa da ko daga laftof ne, ko daga tinker, ko mutum ne ko na'ura. Mai kwafo `.env` ya kwafo asusun da ba ya iya ɓarnar. Ga masu cPanel, shafin sarrafa sabar haya, abin ya fi sauƙi ma: a shafin da ake haɗa asusu da rumbu akwai akwatin ALL PRIVILEGES a sama, wanda kowa ke dannawa don a wuce wurin, a ƙasansa kuma akwatunan izini ɗaya bayan ɗaya. Cire alamar da ke kan DROP da ALTER da CREATE kawai ake bukata.

Wahalarsa ita ce yanzu kana da asusu biyu. Sauye-sauyen fasalin rumbu suna bukatar wanda ke da cikakken izini, don haka sai ka ƙara haɗi na biyu a `config/database.php`, ka riƙa kiran `migrate` da `--database` da sunan wannan haɗin. Tambayar da ke raba mai tsaro da mai kwaikwayon tsaro ita ce inda kalmar sirrin asusu na biyu take kwana. Idan tana cikin `.env` ɗaya da ta farko, ka rage haɗari amma ba ka kawar da shi ba, tunda duk mai fayil ɗin yana da duka biyun, sai dai dole ya rubuta sunan haɗin da gangan. Wurinta na gaskiya shi ne ma'ajiyar sirri ta GitHub Actions ko GitLab CI, inda na'urar ɗora aiki kaɗai ke ganinta.

A PostgreSQL lissafin ya ɗan bambanta. Rushe tebur ba izini ba ne da ake bayarwa ko ƙwacewa. Mai teburin ne, ko mai schema ɗin, ko babban mai iko ke iya yi. Saboda haka dabarar ita ce asusun sauyi ya mallaki teburan, a ba asusun manhaja izinin amfani kawai. `TRUNCATE` izini ne mai zaman kansa, sai ka ƙi bayarwa, `flush` na Django ya tsaya. Inda ake tuntuɓe shi ne ranar da aka ƙara sabon tebur: manhaja ta fara kukan an hana ta shiga, domin izinin da ka bayar jiya bai shafi teburin yau ba. Maganinsa `ALTER DEFAULT PRIVILEGES`, a haɗa da izinin amfani da masu ƙirga lambar layi, in ba haka ba sakawa ma za ta ƙi. Da yawa a nan suke karaya su mayar da cikakken izini, alhali saiti ne da ake yi sau ɗaya. Akwai kuma `event trigger` tun fitowa ta 9.3, wanda za a iya sa shi ya ƙi duk wani rushe tebur, amma ba ya tashi a kan `DROP DATABASE` ko `TRUNCATE`, don haka ƙari ne a kan rabon izini, ba madadinsa ba.

Abin da ƙwace izini bai rufe ba shi ne `DELETE FROM` da aka manta ba a sa masa `WHERE` ba, tunda manhaja na bukatar DELETE. Ga masu shiga MySQL da hannu akwai `sql_safe_updates`, wanda ke ƙin gogewa ko gyara idan ba a nuna layi ta maɓalli ko an sa iyaka ba. MySQL Workbench a kunne yake zuwa da shi, shi ne kuskure mai lamba 1175 da mutane ke rugawa su kashe ranar farko. Ka bar shi.

Kada kuma a ruɗe da kariyar gogewa ta Amazon RDS, rumbun haya na Amazon. Tana hana a goge injin rumbun gaba ɗaya daga shafin sarrafawa, amma teburan da ke ciki ba ta san da su ba. Abin da ke da amfani a can shi ne komawa wani lokaci da ya wuce, wanda za a iya saita shi har kwana 35. Labarin GitLab na 31 ga Janairun 2017 ya nuna dalilin da ya sa ba a cire kwafin ajiya daga wannan lissafi. Injiniya ya goge jakar bayanan PostgreSQL a babbar sabar yana zaton a ta biyu yake, kusan gigabait 300 suka tafi, kuma babu kulle ko ɗaya cikin waɗanda na ambata da zai tare shi, domin a ƙasan rumbun ya yi aikin. Da suka juya ga kwafin ajiya sai suka tarar `pg_dump`, mai ɗaukar kwafin, ya daɗe yana faɗuwa shiru saboda saɓanin fitowa. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuma suka salwanta.

Idan kai kaɗai ne da Laravel a sabar haya, ka sa layin haramci mai duba sunan rumbu yau, ka gyara `APP_ENV`, ka cire DROP a cPanel. Ranar sauyin da ke bukatarsa ka mayar da alamar, ka gama ka sake cirewa. Da ɗan takura, amma sauyin fasali ba kullum ake yi ba. Idan ku uku ne ko biyar kuna shiga sabar ɗaya ta SSH, asusu biyu ya zama dole, kuma kalmar sirrin babban asusun ta tsaya a hannun mutum ɗaya ko na'urar ɗora aiki. Masu Rails su ƙara `staging` cikin muhallan da aka tsare, amma kada alamar ta sa su ga kamar sun gama. Masu Django kuma kada su ɓata lokaci wajen danne umarni ɗaya bayan ɗaya, su tafi kai tsaye ga rabon izini. Idan aka ce in ɗauki ɗaya tak cikin duka, ƙwace izini zan ɗauka, ko da ya fi layin Laravel wahala sau goma, musamman ga wanda ya bar wakilin ƙirƙirarriyar basira yana buga umarni a tamina ɗinsa.

Bayan ka saita, gwada shi. Ƙirƙiri tebur na banza da babban asusu, ka shiga da asusun manhaja ka yi ƙoƙarin rushe shi. Idan ka ga 1142 a MySQL, ko PostgreSQL ya ce sai mai teburin, kullen ya kama. Idan teburin ya tafi, buga `SHOW GRANTS` ko `\dp` ka duba, galibi za ka tarar manhajar har yanzu da tsohon asusun take shiga, ko kuma saitunan da `config:cache` ya daskarar ba a sabunta su ba.